Kalmomin Girmama Mata a Bakin Masu Sarar Itace: Bambancin Yanki

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin walwalar harshe sun daɗe da lura cewa kalmar da mutum ya zaɓa ya kira wani da ita tana bayyana matsayin da ya ajiye kansa, da kuma wanda ya ajiye abokin maganarsa. Roger Brown da Albert Gilman, a wani nazari da suka fitar a 1960 kan wakilan suna na harsunan Turai, sun nuna cewa abubuwa biyu ne ke jan ragamar wannan zaɓi, wato fifiko da kusanci. A wajen Bahaushe akwai abu na uku da ba ya rabuwa da waɗannan, musamman idan namiji ne ke magana da macen da ba muharramarsa ba, shi ne kunya.

A wannan babi za a duba yadda masu sarar itace ke kiran mata cikin ladabi. An zaɓe su ne saboda sana'arsu ta tafiya ce. Manomi yakan tsufa a cikin mutanen da suka san ma'anar kowace kalma tasa, amma mai sarar itace yana bin daji ne duk inda yake, yana ɗauke da ladabin garinsu zuwa inda ake auna ladabi da wani mudu daban.

2.0 Masu Sarar Itace da Matan da Suke Hulɗa da Su

Ayarin masu sara yakan ƙunshi mai inji da yaransa, da 'yan lodi, da direba, sannan da ubangida, wanda galibi ɗan katako ne da ke zaune a birni. Itatuwan da suke nema sun haɗa da maɗaci da ƙawo da doka da ƙirya, a kurmi kuma akwai loko. A shekarun 2010 cinikin madobiya zuwa ƙasar Sin ya ja ɗimbin mutane daga sassa daban-daban zuwa dazuzzukan jihar Taraba, kamar na Bali da Gashaka da Kurmi, har ta kai a 2016 aka sanya itacen cikin jerin waɗanda yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da shi daga Nijeriya. Abin da ya shafi mai nazarin harshe a nan shi ne, an sami Bakano da Basakkwace da Bafillace da Bajukune a zango ɗaya, suna cin abinci a wajen mace ɗaya.

Matan da suke hulɗa da su ba su da yawa, amma kowace tana riƙe da wani abin da ba za su iya yi ba sai da shi. Akwai mai abinci, wadda sau da yawa take ba su bashi har sai an yi lodi. Akwai mai nono, da matar mai unguwa wadda ake ɗiban ruwa a rijiyar gidanta. A ƙasar Yarabawa kuwa mace na iya zama ita ce mai sayen falankan gaba ɗaya. Ke nan kuskuren kira a nan yana iya jawo a hana mutum bashi, ko ciniki ya watse, ko ma miji ya shigo cikin maganar.

3.0 Abin da Kowane Yanki ke Aunawa

A Kano da kewayenta, mai sara da ya ga macen da bai sani ba yakan fara duban shekarunta da suturarta. Idan dattijuwa ce sai ya ce Baba ko Iya ko Gwaggo. Idan matsakaiciya ce mai alamar wadata sai ya ce Hajiya. Idan kuwa ya rasa inda zai ajiye ta, sai ya fake da Malama ko baiwar Allah, waɗanda ba su cika jawo ɓacin rai ba. Kalmar Hajiya ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Asalinta laƙabi ne na wadda ta sauke farali, a lokacin da tafiya Makka ke cin shekaru. Da jirgin sama ya sauƙaƙa tafiyar, kuma kuɗin man fetur ya yawaita a shekarun 1970 (a 1977 alhazan Nijeriya sun haura 100,000), sai laƙabin ya yaɗu, ma'anarsa kuma ta faɗaɗa. Yanzu akan kira mace Hajiya ko da ba ta taɓa taka filin jirgi ba, muddin ana neman wani abu a hannunta. A Barno za a ji Hajja, a ƙasar Yarabawa kuma Alhaja, duk daga tushe ɗaya na Larabci.

A yankin karin harshen yamma, wato Sakkwato da Kabi da Zamfara da Gobir, kalmar Inna ita ce kan gaba wajen kiran uwa da duk macen da ta kai matsayin uwa. Nauyinta a can ya wuce na gida, domin a Gobir sarauta ce ta mata, wato Innar Gobir. Bakano ya san kalmar, yana ma kiran ƙanwar uwa da ita, amma ba lallai ba ne ta fara zuwa bakinsa idan ya ga baƙuwa. Har ila yau sigar jimlar kanta takan nuna inda mai magana ya fito:

(1) Kananci: Ranki ya daɗe, Hajiya ce?
(2) Sakkwatanci: Ranki shi daɗe, Hajiya ta?

A misali na (2) an sami shi a gurbin ya, an kuma sami dirka ta a gurbin ce. Ladabin ɗaya ne, kuma babu macen da za ta ji haushin ɗayansu. Irin wannan bambanci na sauti da nahawu ba shi ne ke haddasa rigima ba. Inda gizo ke saƙa shi ne inda kalma ɗaya take da ma'ana biyu a wurare biyu.

Masu sara na kudancin Maraɗi, irin waɗanda ke aiki a dajin Baban Rafi, sun yi tarayya da Katsinawa da Gobirawa a mafi yawan waɗannan kalmomi. Sai dai kalmar Madam, wadda ta shigo musu ta Faransanci, ta zauna a bakinsu a matsayin kiran malamar makaranta ko ma'aikaciya. A ƙauyukan Kano ko Jigawa kuwa, kiran matar aure Bahaushiya da Madam yana iya zama gatse, kamar ana cewa tana ɗaukar kanta 'yar boko ko baƙuwa. Ita wannan kalma ce kuma mai abinci a Takum ko Sapele take jiran a kira ta da ita.

A Taraba da Adamawa, inda Fillanci ya daɗe yana aikin harshen hulɗa, ana jin Dada ga uwa, da Goggo ga 'yar'uwar uba, da Adda ga babbar 'yar'uwa. Gwaggo ta Hausa daga Goggo ɗin nan aka aro ta. Ita kuwa Adda, baƙon mai sara yakan yi murmushi ran da ya fara jin ta, domin a Hausarsa adda ita ce ƙarfen da ke hannunsa yana share hanya. Wanda ya koyi cewa Adda ga mai nono ya fi samun sakin fuska a kan wanda ya ce 'yar Fillo, domin ta biyun tana cikin wasan barkwanci, kuma wasa da matar da ba a saba da ita ba Bafillace ba ya ɗaukarsa da sauƙi.

4.0 Kalmomi Masu Kaifi Biyu

Babu kalmar da ta fi Magajiya nuna wannan matsala. A Daura sarauta ce mai daɗaɗɗen tarihi. A zangunan Hausawa na Gana shugabar mata ce, har wasu harsunan arewacin ƙasar sun ari kalmar da wannan ma'ana. Amma a garuruwan bariki na arewacin Nijeriya, Magajiya ita ce shugabar mata masu zaman kansu. To, zangon masu sara ya fi kama da bariki a kan gari: maza ne zalla, baƙi, da kuɗi a aljihu bayan lodi. Saboda haka mai abincin da ke zaune a irin wannan wuri tana da dalilin sa ido sosai kan sunan da ake kiranta da shi, domin sunan ne ke tsare mata mutunci a idon mutanen ƙauyen. Wanda ya ce mata Magajiya da nufin girmamawa ya zage ta, ko da bai sani ba.

Haka abin yake ga Baba. A Hausa kalmomi biyu ne da karin sauti ya raba: ta uba tana farawa da sautin ƙasa ta hau sama, ta mace kuma tana farawa da sautin sama ta sauka. A Yarabanci kuwa baba namiji ne kawai. Bahaushen da ya kira dattijuwa Bayarabiya da Baba zai bar ta cikin mamaki. Da ya ce Iya, da ya dace, domin harsunan biyu sun haɗu a kanta. Amma ko a nan akwai bambanci. Bayarabiya mai ɗa ɗaya tak tana alfahari a kira ta Iya wane, ko a jingina ta ga hajarta a ce Iya Onipako, wato mai sayar da falankai. Matashiyar Bakanuwa kuwa, idan aka ce mata Iya, ji za ta yi an tsufar da ita. Wato Bayarabe haihuwa da sana'a yake aunawa, Bakano kuma furfura.

Amarya da 'yammata su ma suna buƙatar hattara. A kasuwar birni ɗan kasuwa yakan ce Amarya don ya faranta ran mai saye, ba wanda zai ɗaga kai. A ƙauyen da ake kulle, namiji baƙo ba ya ma kiran matar wani kai tsaye. Sallama yake yi daga zaure, ya aika yaro, idan kuma zai ambace ta ga mijinta sai ya ce mutanen gida ko iyali ko mai ɗaki. A irin wannan wuri, rashin kiran shi ne ladabin.

5.0 Wakilin Suna da Jinsi

Ba a laƙabi kaɗai ake gane ladabi ba, domin wakilin suna ma yana ɗauke da nasa kason. A daidaitacciyar Hausa babu laifi a ce wa dattijuwa kin tashi lafiya?, amma mai ladabi yakan kauce wa nuna ta kai tsaye, ya ce an tashi lafiya?, wasu kuma su yi amfani da jam'i, su ce kun tashi lafiya? Kiran mace da Ke! tsurarsa, ba tare da wani laƙabi ba, raini ne a duk karuruwan harshen Hausa. A Yarabanci kuwa amfani da jam'i ga babba dole ne, don haka Bahaushen da ya koyi Yarabancin kasuwa, yake ce wa dattijuwa o a maimakon e, ya yi rashin kunya ko da ya rusuna har ƙasa.

Wani abin da ɗaliban da za su koyar a yankunan da Hausa ke matsayin harshe na biyu ya kamata su riƙe shi ne batun jinsi. A kudancin Kaduna da Filato da Taraba, da kuma Hausar Gana, masu magana da yawa ba sa bambanta namiji da mace a nahawu, saboda harsunansu na farko ba su da wannan bambanci. A zangon masu sara ana iya jin:

(3) Mama, ka zuba mini abinci.
(4) Mama, ki zuba mini abinci.

Bakano ko Basakkwace da ya ji (3) yakan ɗauka an wulaƙanta matar, ko kuma ya fashe da dariya. Ita kuwa mai abincin, idan 'yar yankin ce, kalmar Mama ta ji, kuma ta ishe ta. Wanda ya faɗi (4) amma ya cire Mama ya sa Ke a gurbinta, nahawunsa ya fi daidai, sai dai shi ne wanda za a ce ya biya kuɗin jiya kafin a zuba masa na yau.