Tun Ran Gini, Ran Zane: Kafin A Gyara Makarantar 'Ya'yanmu

Duk wanda ke da ɗa a makarantar kuɗi ya san irin takardar nan da yaro ke kawowa gida a ƙarshen zangon karatu. A ƙarƙashin kuɗin makaranta sai ka ga an ƙara wani layi: kuɗin gyara. Za a sake rufin aji uku, ko za a ja katanga, ko kuwa za a ɗora bene domin yara sun yi yawa. Mukan yi ɗan gunaguni, mu sayar da buhun gero ko na riɗi, mu biya. Amma kaɗan ne daga cikinmu ke tsayawa su tambaya: hukuma ta ga taswirar ginin nan ta sa hannu? Maƙwabtan makarantar fa, an gaya musu, sun kuma yarda?

Tambayoyin nan biyu su ne zancenmu a wannan wata. Za mu dubi ƙasar Gumel musamman, wato ƙananan hukumomi huɗu na masarautar: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, a arewacin Jihar Jigawa. Amma bari mu soma da abin da ya faru a wasu wurare, domin mu gane nauyin maganar.

Abin Da Ya Faru A Jos Da Ikko

Ran Jumma'a, 12 ga Yuli, 2024, da safe, benen makarantar Saints Academy da ke unguwar Busa Buji a Jos ya rushe a kan ɗalibai suna cikin aji. Mutum 22 suka rasu, fiye da 100 suka ji rauni. Shekara biyar kafin wannan, ran 13 ga Maris, 2019, wani bene ya rushe a Ita Faji cikin tsibirin Ikko. A samansa akwai makarantar firamare, a ƙasa kuma mutane ne ke zaune. Kimanin mutum 20 suka mutu, da yawa cikinsu yara ne.

Iyayen yaran nan ba su bambanta da mu ba. Sun tashi da asuba, sun yi wa 'ya'yansu wanka, sun ba su abin karin kumallo, sun sallame su. Sun san sunan malamin aji, sun san kuɗin zango. Abin da bai zo a ransu ba shi ne ƙarfin bangon da yaran ke zaune a gindinsa. Mu ma haka muke.

Yadda Makarantunmu Suke Tashi

Tun da aka soma shirin ilimin firamare kyauta a 1976, yara suka cika azuzuwan gwamnati. A wannan shekara ce kuma aka kafa kwalejin horon malamai ta Gumel. Aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, ma'aikata da 'yan kasuwa suka ƙaru a garuruwa, masu neman makarantar kuɗi ma suka ƙaru.

To, irin waɗannan makarantu ba kasafai suke somawa da fili mai faɗi ba. Wata a gidan haya take farawa, wata a shago, wata a ɗaki biyu kusa da masujada. Gidan da aka gina domin mutum goma sai ya wayi gari yana ɗauke da yara ɗari biyu. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya da yara 35 a firamare, 40 a sakandare. In yara suka wuce haka dole a ƙara ɗaki, kuma a nan ne hatsari ke shigowa. Mai makaranta ya duba hagu da dama, babu fili, sai ya dubi sama. Alhali harsashin da aka haƙa domin gida mai hawa ɗaya ba a yi shi don ɗaukar bene ba.

Ƙasarmu kuma tana da nata halin. Iskar farkon damina takan yaye kwano in ba a ɗaure rafta da bango sosai ba. Gara tana cin katako daga ciki, ba a gani sai ya karye. Ƙasa mai rairayi takan zaizaye daga gindin bango in ruwan indararo yana zuba a wurin. Zafin Afrilu da Mayu kuwa yakan mai da aji marar sili kamar tanderu. Saboda haka gyara wajibi ne. Abin da muke cewa shi ne a bi ta ƙofa biyu kafin a aza bulon farko.

Ƙofa Ta Farko: Hukuma

Abu na ɗaya shi ne takardar fili. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Filin da ke cikin yankin da aka ayyana birni, gwamna ne ke ba da takardar mallakarsa. Wanda ke karkara kuwa, ƙaramar hukuma na iya ba da izinin riƙonsa bisa al'ada. Makarantar da ke zaune a gidan haya tana bukatar yardar mai gidan a rubuce kafin ta fasa bango. In ba haka ba, ran da ya ce a tashi, kuɗin iyaye ya zama nasa.

Abu na biyu shi ne izinin gini. Dokar tsara birane ta 1992 ta ce a nemi izini kafin a yi gini, haka kuma kafin a juya amfanin gida, misali daga wurin kwana zuwa makaranta. Akan kai taswira ga hukumar tsara birane ta jiha, ma'aikatanta su zo su duba wurin. Wanda ya yi gini ba izini, doka ta ba hukuma ikon tsai da aikin, har ma ta rushe shi. In aikin ya shafi ɗora bene ko cire bango, kada a dogara ga idon birkila kaɗai, komai gwanintarsa. A nemi injiniya mai rajista da majalisar injiniyoyi ta ƙasa, COREN, ya haƙa gefen harsashi ya gani, ya rubuta ra'ayinsa, ya sa hannu.

Abu na uku shi ne hukumomin ilimi da na lafiya. Masu duba makarantu suna kallon girman aji, da tagogi, da filin wasa. Duba-gari na ƙaramar hukuma kuma yana kallon ruwan sha da bayan gida. Shawarar masana kiwon lafiya ita ce salga ta yi nisan mita 30 ko fiye daga rijiya, kuma 'yan mata su sami nasu bayan gida dabam da na maza.

Mun sani zirga-zirga tsakanin Gumel da Dutse tana cin lokaci da kuɗin mota. Wani ma zai ce a ba da ɗan goro a huta. Muna roƙo kada a yi. Takardar da aka saya ba ta riƙe bango. Sa hannun ma'aikacin da bai zo ya gani da idonsa ba, ba ya ƙara ko rodi ɗaya a cikin kankare.

Ƙofa Ta Biyu: Unguwa

Akwai kuma yardar da ba a samu a ofis. A zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023, gwamnatin Jigawa ta keɓe kimanin hekta 12,000 a yankin Gagarawa da maƙwabtanta domin noman rake da masana'antar sukari. Manoma da yawa suka koka a kan gonakinsu, aka daɗe ana ja-in-ja. Filin makaranta bai kai ko kusa da wannan girma ba, amma darasin ɗaya ne: takardar gwamnati dabam, yardar mutanen wurin dabam.

Mu duba abin da gyaran makaranta ke jawo wa maƙwabci. In an ɗora bene, tagoginsa za su leƙa tsakar gidansa, inda iyalinsa ke girki da wanka. A ƙasar Hausa wannan ba ƙaramar magana ba ce. In an ja katanga, wataƙila ta toshe hanyar da mata ke bi zuwa rijiya, ko ta ci burtalin da shanu ke bi. In an juya indararo, ruwan zai zuba a gindin bangon ƙasa na wani. Tifar yashi za ta tare lungu. Sabuwar ƙofa kuma za ta tara babura da hayaniyar yara safe da rana. A gari irin Maigatari, inda kasuwar dabbobi ke ci ran Alhamis, manyan motoci suna cika hanya, ƙofar da ta fuskanci titi hatsari ce ga ƙananan yara.

Hanyar da kakanninmu suka bari tana nan. A soma da maƙwabtan da bangonsu ya haɗu da na makaranta, a je musu gida, ba aike ba. Daga nan sai mai unguwa, shi ya kai ga dagaci, in aikin babba ne har gaban hakimi. A tafi da taswira a hannu, a shimfiɗa ta a tabarma. Ba sai an yi dogon jawabi ba: "Ranka ya daɗe, ga abin da muke niyyar yi. Mun zo mu ji in akwai wanda zai cutu, tun ba mu fara ba." Sa'an nan a yi shiru, a saurara.

Yawancin koke-koken suna da magani mai araha muddin gini yana kan takarda. Ana iya ɗaga taga sama da tsayin mutum, ko a juya ta ta fuskanci harabar makaranta. Ana iya matsar da katanga taku biyu, a gina lambatu ya kai ruwa kwata, a mai da ƙofa gefen lungu. A takarda, fensir ne kawai zai yi wannan aiki. Bayan an zuba kankare kuwa, sai guduma. Abin da aka yarda a kai, a rubuta shi, mai unguwa ya sa hannu, kowa ya riƙe tasa takardar.

Ya kamata unguwa ita ma ta ga amfanin aikin. A ɗauki birkiloli da leburori daga cikinta. In an haƙa rijiyar burtsatse, a fito da famfo ɗaya waje. A dasa darbejiya a bakin katanga, ta tare iska, ta ba masu wucewa inuwa. Maƙwabcin da ke shan ruwan makaranta shi ne zai fara fitowa da dare in ya ji motsin ɓarawo.

Lokacin Aiki

In ƙofofin nan biyu sun buɗe, sai a lura da lokaci. Babban aiki a yi shi da rani ko lokacin hutu, yara ba su nan. Kada a bar yara su zauna a ƙarƙashin benen da ake zubawa. Kankare yana bukatar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, kuma sai an yi ta yayyafa masa ruwa, balle a ƙasa mai zafi da busasshiyar iska irin tamu. Bulon da aka yi wa rowar siminti, in ka murza gefensa da yatsa sai ya zube. Araha ba ta ado.

Namu Aikin

Mu iyaye, kuɗinmu ne ke sayen siminti, 'ya'yanmu ne kuma ke zama a ƙarƙashin rufin. A taron iyaye da malamai na gaba, mu tambaya cikin ladabi: Malam, ina takardar izinin gini? Wane injiniya ya duba? Mai unguwa ya sani? Ina yara za su zauna har a gama? Mu zaɓi mutum biyu ko uku daga cikinmu, har da mace, su riƙa zagaya wurin aiki. In mun ga tsaga a bango tana ƙara faɗi, ko ƙofa ta soma ƙin rufuwa, ko sili ya lotsa, mu faɗa a ranar, kada mu jira taro.

Mai makaranta na kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, domin shi ma cikin ginin yake wuni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In takardar kuɗin gyara ta sake zuwa gida, mu biya, amma mu bi yaron zuwa makaranta mu ga taswirar da idonmu.