Matriyoshka: 'Yar Tsanar Rasha Mai Ƙanne A Cikinta

 Yau ƙasar Rasha za mu leƙa, mu zauna wurin masassaƙa, mu ji labarin 'yar tsanar katako da suke kira matriyoshka. Ita ce wadda in ka buɗe ta daga ƙugu sai ka tarar da wata a ciki, ita ma in ka buɗe ga wata, kamar jeren ƙorai, har ka kai ga 'yar autar da ba ta buɗuwa.

Da yawa suna ɗauka kayan kaka da kakanni ce, alhali ba ta kai shekara 150 ba. A shekarun 1890 aka yi ta farko a birnin Mosko, a shagon kayan wasan yara na iyalan Mamontov. Vasily Zvyozdochkin ne ya sassaƙa, Sergey Malyutin ya zana. 'Yan tsana 8 ne a jerin. Babbarsu 'yar ƙauye ce ɗaure da kallabi, rungume da baƙin zakara, autar kuwa jinjiri ne naɗe a tsumma. A 1900 aka kai irinta baje kolin duniya na Paris, ta samu lambar tagulla, daga nan kasuwa ta buɗe.

To, jama'a, idon mai saye kan fenti yake sauka, amma a ganina gwanintar tana hannun masassaƙi. Itacen da suka fi so shi ne wani mai laushi da suke kira lipa. Ana sare shi a farkon bazararsu, a ɓare ɓawon, a bar kaɗan don kada ya tsage, sannan a jera a iska ya yi kamar shekara biyu yana bushewa. In ya yi ɗanye zai lanƙwashe, in ya bushe ƙamas zai fashe. Masassaƙi yana ɗora guntun a injin da ke juya itace, kuma da 'yar autar yake farawa. Ita ce ma'aunin wadda za ta haɗiye ta, haka har zuwa babbar. Gwanaye da ido da yatsa suke awo. Sai ya rarake cikin har bangon ya yi siriri, ya kuma daidaita sama da ƙasa yadda za su kama juna ba tare da gam ba. Bayan nan ne ake shafa ruwan sitaci, mai zane ya zauna da burushinsa, a rufe da man ƙyalli.

Kowane gari da salonsa. Ta Semyonov an fi saninta da kallabi ruwan ɗorawa da damin furanni a gaban riga. A Kirov kuma karan hatsi suke yankawa su manna a matsayin ado.

Me ke sa wata ta yi tsada, wata ta zama tsarabar 'yan yawon buɗe ido? Masu tarawa suna duba shekarunta, da ko jerin ya cika, domin ɓatan guda ɗaya yana karya daraja ƙwarai. Suna kifa ta su duba ƙasanta, inda mai zane kan sa hannu, ko inda ake samun hatimin zamanin Tarayyar Sobiyet. Suna kuma buɗewa har ƙarshe. In fuskar autar ta samu kulawa irin ta babbar, aikin gwani ne. In ɗigo biyu kawai aka yi mata, aikin gaggawa ne. Yawa ma yana ƙara kuɗi: wadda Youlia Bereznitskaia ta zana a 2003 guda 51 ce, har ta shiga kundin Guinness. Akwai kuma masu neman na ƙarshen shekarun 1980, masu fuskar shugaban Sobiyet Gorbachev, waɗanda in ka buɗe za ka ga magabatansa Brezhnev da Khrushchev da Stalin, Lenin na can ƙurya.

Masu sauraro, wataƙila a gidanku akwai wadda wani kawu ya zo da ita daga karatu a Rasha. Hunturunmu yana tsaga irin wannan katako, rana kuma tana kashe fentin. A ajiye ta a inuwa, kada a wanke ta da ruwa, kuma kada a bar yara su raba ta da ƙannenta.