Babban Lauyan Gwamnati da Ikon Janye Ƙara

Gwamnati ba mutum ba ce, ba ta da bakin da za ta yi magana da shi a gaban alƙali. Amma kuwa kullum ana kai ta ƙara, ita ma tana kai ƙarar waɗansu. Saboda haka lalle ne a sami wanda zai tsaya a madadinta a ɗakin shari'a. A Nijeriya wannan mutum shi ne Babban Lauyan Gwamnati, wanda ake kira Atone-Janar. Akwai na Tarayya, kowace jiha kuma tana da nata. Sashe na 150 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa na Tarayya matsayi biyu a lokaci guda, watau shi ne babban jami'in shari'a na ƙasa, kuma minista ne a cikin gwamnati. Ba a naɗa kowa sai lauyan da ya kai shekara 10 da samun izinin aikin lauya. Wanda ya riƙe muƙamin sa'ad da aka sami mulkin kai a 1960 shi ne Dokta Taslim Elias, wanda daga bisani ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, sa'an nan Shugaban Kotun Duniya da ke Hague.

A ƙarƙashinsa akwai Solisita-Janar, wanda shi ma'aikacin gwamnati ne ba ɗan siyasa ba, shi ne kuma Babban Sakataren Ma'aikatar Shari'a. Akwai kuma Daraktan Gabatar da Ƙararraki. Su da lauyoyin da ke ƙarƙashinsu su ke zirga-zirgar kotu yau da gobe. Shi kansa Atone-Janar ba safai yake sa rigar lauya ya tsaya gaban alƙalai ba, sai magana ta yi nauyi. In jayayya ta taso tsakanin Tarayya da jihohi, da sunan manyan lauyoyinsu ake shigar da ita Kotun Ƙoli kai tsaye. Haka aka yi a shari'ar iyakar jihohin bakin teku da kuɗin man fetur, wadda aka yanke a 2002, da kuma shari'ar kuɗin ƙananan hukumomi 774, wadda aka yanke ran 11 ga Yuli, 2024.

To, amma inda aikin ya fi shafar talaka shi ne shari'ar laifi. Sashe na 174 ya ba Atone-Janar na Tarayya iko iri uku, sashe na 211 kuma ya ba na jihohi irinsu. Yana iya gurfanar da kowane mutum a kowace kotu, ban da kotun soja. Yana iya karɓe ƙarar da wani ya riga ya shigar, ya ci gaba da ita da kansa. Yana kuma iya dakatar da ita a kowane mataki, muddin ba a kai ga yanke hukunci ba. Wannan na ukun shi ne abin dubawa. Ko da an saurari shaidu goma, in takardar janye ƙara ta iso daga gare shi, alƙali ba shi da abin yi sai ya sallami wanda ake tuhuma. Sallamar ba wankewa ba ce, gama ana iya sake kawo ƙarar wata rana, amma dai shari'ar da ake ciki ta mutu.

Wannan iko yana da amfaninsa. Akan sami ƙarar da aka ƙulla don ƙeta, ko wadda shaidunta suka rushe a tsakiyar hanya, ko wadda ci gaba da ita zai tada wutar rikicin da aka riga aka sasanta. Dole a sami wanda zai ce a tsaya. Tsarin Mulki ya umarce shi ya lura da maslahar jama'a, da adalci, da hana a yi wasa da kotu. Wahalar ita ce mai riƙe da wannan takobi minista ne, Shugaban Ƙasa ya naɗa shi, yana kuma iya tuɓe shi ko yaushe. Ran da wanda ake tuhuma ya zama ɗan jam'iyyar da ke mulki, a nan ake ganin gaskiyar masu cewa taura biyu ba ta taunuwa.

Ingila, inda aka gado muƙamin, ta ɗanɗana wannan tun 1924. A shekarar nan aka tuhumi wani ɗan jarida ɗan gurguzu, J. R. Campbell, da laifin zuga sojoji su yi tawaye, don jaridarsa ta buga wasiƙar da ke kiransu kada su harbi ma'aikata 'yan uwansu. Ba a jima ba Atone-Janar Sir Patrick Hastings ya sa aka janye ƙarar, bayan majalisar ministoci ta tattauna maganar. 'Yan hamayya suka ce gwamnati ta sa hannu a shari'a. A watan Oktoba majalisa ta kada gwamnatin Ramsay MacDonald a kan wannan batu, aka tafi zaɓe, ta faɗi. Daga nan al'ada ta kafu, wadda Sir Hartley Shawcross ya bayyana wa majalisa a 1951: Atone-Janar yana iya jin shawarar ministoci 'yan uwansa, amma ba su da ikon ba shi umarni, hukuncin nasa ne shi kaɗai.

A Nijeriya maganar ta je Kotun Ƙoli a 1983, a shari'ar da aka sani da sunan Ilori. Wani lauya mai zaman kansa a Ikko ya shigar da ƙarar laifi a kan wani babban lauyan gwamnatin jihar da waɗansu 'yan sanda, sai Atone-Janar na jihar ya dakatar da ita. Kotun Ƙoli ta ce babu kotun da za ta bincike shi a kan dalilinsa. In ya yi son zuciya, maganinsa tsangwamar jama'a, ko kuwa wanda ya naɗa shi ya sauke shi. Hukuncin ya bi tsohuwar ƙa'idar Ingila sau da ƙafa, sai dai akwai bambancin da ya kamata a lura da shi. A can Atone-Janar ɗan majalisa ne, ana tsare shi da tambayoyi a zauren majalisa, har gwamnati ta faɗi saboda shi. A tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko babu wannan. Wanda ake sa ran zai hore shi kuwa sau da yawa shi ne wanda janye ƙarar ya yi wa daɗi.

Shekara biyu bayan haka, a 1985, wata shari'a daga Jihar Kaduna ta nuna iyakar ikon ta wani gefe, kuma ta fi shafar ma'aikatan gwamnati. Gwamna Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya yi mulki daga 1979 zuwa 1981 ba tare da kwamishinoni ba, don Majalisar Dokokin jihar, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da mutanen da ya gabatar. Saboda haka kujerar Atone-Janar ta zauna babu kowa. Ana cikin wannan hali aka gurfanar da waɗansu mutane bisa zargin kashe wani yaro, sai Solisita-Janar na jihar ya sa aka dakatar da shari'ar. Mahaifin yaron bai haƙura ba, ya kai ƙara, magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli. Kotun ta ce ikon na Atone-Janar ne, ma'aikatansa ba sa taɓa shi sai da wakilcinsa. Inda babu Atone-Janar a kan kujera, babu mai wakiltawa, don haka abin da Solisita-Janar ya yi bai tsaya ba. Ma'aikaci, komai girmansa da ƙwarewarsa, ba ya gadon ikon da Tsarin Mulki ya ambaci mai shi da suna don kawai maigidan ba ya nan.

An daɗe ana ba da shawarar a raba muƙaman biyu, Ministan Shari'a ya zauna ɗan siyasa, Atone-Janar kuwa ya zama ƙwararre mai wa'adin da ba a tuɓe shi da sauƙi. Kenya ta bi wata hanya mai kama da wannan a Tsarin Mulkinta na 2010, inda ta cire ikon gurfanarwa daga hannun Atone-Janar ta damƙa wa Darakta mai cin gashin kansa. Nijeriya ma ta taɓa irin wannan tsari a Tsarin Mulkin 1960, kafin na 1963 ya mayar da ikon hannun Atone-Janar. A 2015 Majalisar Tarayya ta sa rabuwar muƙaman cikin gyaran Tsarin Mulkin da ta zartar, amma Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙi sa hannu, wannan batu kuwa yana cikin dalilan da ya bayar.