Tsirran ruwa a yankin Tiga: Wanne za a shuka, wanne za a yaƙa?

Kogin Kano yana ratsa dajin Falgore, a yankin Doguwa da Tudun Wada, kafin ya kwarara cikin madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙaramar hukumar Bebeji.

Tun da aka kammala madatsar a 1974, ruwa ya daina ƙafewa da rani a wurare da dama. Wannan ya bai wa tsirran ruwa damar yaɗuwa, kuma ba dukkansu ne alheri ga manomi ba.

Yadda ake gane su

Bado yana kafa saiwarsa cikin taɓo, faffaɗan ganyensa yana kwance a kan ruwa. Farin furensa kan buɗe da dare, ya rufe da hantsi. Ana cin saiwarsa da 'ya'yansa.

Ita kuwa kainuwa, wadda ake yi wa kirari da dashen Allah, yawo take a kan ruwa, saiwarta na reto. Idan ta yi yawa takan zama maɓoyar sauro.

Kachala ce babbar matsala. Tana da dogon ganye siriri, da kai mai kama da zangarniyar gero, kuma takan fi mutum tsawo.

A yankin Haɗeja da Nguru, inda ruwan Tiga ke gangarawa, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta kuma zama mafakar tsuntsayen jan-baki. Yanke ta a ƙarƙashin ruwa yana hana saiwarta samun iska.

Shuka

Mai son bado zai iya binne saiwarsa cikin tukunyar da aka cika da laka, ya nutsar da ita a ruwan da ba ya gudu, inda rana ke bugawa.

A Turai, ɗaya daga cikin furannin da ake shukawa a bakin tafki shi ne iris mai launin rawaya. Ganyensa yana kama da na kachala, sai dai gindinsa a baje yake kamar mafici, na kachala kuma a mulmule.

To sai dai furen yana da guba ga dabbobi, kuma ya mamaye fadamu a wasu jihohin Amurka bayan an kai shi domin ado. Don haka bai kamata a shuka shi kusa da kogi ko mashayar shanu ba.