Jinkirin 'Yan Daƙiƙoƙi Na Kare Bututun Ruwa Da Na Mai Daga Fashewa

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo wa hukumomin ruwan sha da kamfanonin mai asara shi ne fashewar bututu. Ba kullum tsatsa ko ɓarna ke haddasa hakan ba. Sau da yawa laifin na gaggawar rufe bawul ne, ko kuma tsayawar injin tura ruwa farat ɗaya idan aka ɗauke wutar lantarki.

Idan aka tare ruwan da ke gudu cikin bututu ba zato, ƙarfin gudunsa yakan rikiɗe ya zama matsi. Matsin yakan koma baya har mafarin bututun, ya sake dawowa, ya yi ta kai da komowa da saurin da ya kai kimanin mita 1,200 a daƙiƙa guda cikin bututun ƙarfe. Wannan ne ke sa a ji bututu na ƙara kamar ana dukansa da guduma.

Masanin Rasha Nikolai Zhukovsky, wanda ya yi gwaje-gwaje a kan bututun ruwan birnin Mosko, ya bayyana lissafin lamarin a shekarar 1898. Bisa lissafin nasa, ruwan da ke gudun mita ɗaya a daƙiƙa, in aka tsayar da shi nan take, zai ƙara wa bututun matsi daidai da nauyin ruwa mai zurfin mita 120.

Maganin da injiniyoyi suka dogara da shi shi ne jinkiri. Ƙa'idar ita ce kada lokacin rufe bawul ya gaza lokacin da matsin ke ɗauka ya je ƙarshen bututu ya dawo. A bututu mai tsawon kilomita 6, wannan tafiya daƙiƙa 10 ce. Rufewar da ta gaza haka tamkar rufewa ce nan take, amma in aka ja ta zuwa minti ɗaya ko biyu, matsin yakan ragu ƙwarai.

Inda ba a iya jinkirta rufewar, akan gina dogon tanki a kan layin domin ruwan ya samu wurin hawa da sauka, ko a ɗaura tulun ƙarfe mai matsattsiyar iska da ke shanye bugun. Akan kuma sa wa injin faifan ƙarfe mai nauyi, ta yadda zai tsaya sannu a hankali bayan ɗaukewar wuta.

Sakaci da wannan ƙa'ida na da tsada. A shekarar 1950, rufewar bawul ba zato ta fasa babban bututun tashar wutar lantarki ta Oigawa a ƙasar Japan, inda ma'aikata uku suka rasa rayukansu.

Ga hukumomin da ke fama da yawan ɗaukewar wuta, kuɗin waɗannan na'urori bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na haƙa, sauya bututu da kuma ruwa ko man da ya malale.