Tsakanin Ƙujewa da Makara

Duk wanda ya daɗe yana bin hanyar Kano zuwa Zariya, ko wadda ta tashi daga Kaduna ta nufi Abuja, ba zai rasa ganin wani abin al'ajabi ba, wato motoci biyu iri ɗaya su gamu da tsautsayi iri ɗaya, kamar fashewar taya ko gilmawar saniya, amma mutanen ɗayar su fito suna kakkaɓe ƙura suna hamdala, na ɗayar kuwa sai dai a jera su a gefen titi a lulluɓe da ganye. Jama'a kan ce kwana ne ya ƙare, wannan kuwa haƙƙun ne, babu mai musun ƙaddara; sai dai malamai sun karantar da mu cewa Allah ya rataya al'amura ga sabubbansu, kuma sababin da ya fi rinjaye wajen tsananin rauni shi ne halin wanda ke riƙe da sitiyari a daidai wannan lokaci.

Masana sun tabbatar da cewa idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da zai dira a jikin ɗan Adam yakan ninku sau huɗu, ta yadda motar da ta daki bango tana kilomita 50 a sa'a tamkar an jeho mutanen cikinta ne daga tsayin mita 10, wadda ke kilomita 100 kuwa daga kusan mita 40. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke rasuwa a kan hanya kowace shekara, ta bayyana cewa mai tafiya a ƙasa da aka buge a gudun kilomita 65 ya fi wanda aka buge a kilomita 50 kusantar mutuwa sau huɗu da rabi. Kilomita 15 kacal, abin da ƙafar direba ke ƙarawa a kan totur ba tare da ya farga ba.

Amma abin da ya fi tsorata ni shi ne barci. Mu ɗauki direban bas wanda ya kwana a hanya daga Legas, ya sauke fasinja da hantsi, ɗan kamasho ya ce masa layinsa ya zo, ya wanke fuska ya cika kunci da goro, ya kora da shayi mai kauri ko gadagi, ya sake ɗaukar lodi. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi sa'a 17 idonsa biyu, gafalarsa kan yi daidai da ta wanda ya kurɓi barasa har ta fara taɓa shi. Motar da ke kilomita 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, saboda haka gyangyaɗin daƙiƙa uku ya ishe ta ta shafe mita 80 da 'yan kai babu matuƙi. Direban da ke farke, ko da ya makara, yakan taka burki ya rage wani abu daga ƙarfin karon; mai barci kuwa da cikakken gudunsa yake shiga ƙarƙashin tirela, shi ya sa a irin wannan wuri ba a ganin sawun burki a kwalta, ba a kuma cika samun na kaiwa asibiti ba.

Masu maye ɗan'uwan wannan hali suke ciki, har da ƙari, domin barasa da wiwi da taramol da kodin, wanda gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, suna jinkirta ƙafa wajen burki, suna kuma cire tsoro daga zuciya, har mutum ya ga tazarar wuce babbar mota a inda babu ita. Taho-mu-gama daga nan yake fitowa. Mai latsa waya shi ma an ƙiyasta haɗarinsa ya ninka na wanda ya ajiye ta kusan sau huɗu.

Bel, wanda ke rage mutuwar na cikin mota da kusan rabi, da yawa ba sa tunawa da shi sai sun hango jami'an hukumar kiyaye haɗɗura, wadda aka kafa a 1988, su rataya shi a kafaɗa kamar carbi, da an wuce shinge su sake shi. Fiƙihu ya ɗora wa mai kisan kuskure diyya da kaffara, wato azumin wata biyu a jere, amma ban cika jin ana ambaton wannan a tasha ba. Abin da na fi ji, daga kujerar baya, shi ne muryar fasinja mai gaggawar cin kasuwa yana cewa, "Haba direba, ko man ne ya ƙare?"