Kuɗin Kwastam: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani Kafin Ta Sayo Kaya Daga Waje

 Yau za mu tattauna ne a kan wata magana da yawancinmu muke ɗauka ta manyan 'yan kasuwa ce kawai, masu shigo da kwantena-kwantena, wato maganar kwastam da kuɗin fito. To amma a gaskiya maganar ta shigo har cikin ɗakunanmu. Wata za ta je Umara ta haɗo abayoyi da turaruka, wata ta aika a sayo mata kayan kicin na auren 'yarta daga Dubai ko Chana, wata kuma tana zaune a gida ta danna waya ta yi odar jaka ko na'urar markaɗe daga Turkiyya. Duk waɗannan, da zarar kayan sun tsallako iyakar Najeriya, sun shiga hannun hukumar kwastam.

Abin da nake so mu riƙe a yau guda ɗaya ne. Kuɗin da kika biya a kanti ba shi ne kuɗin kayan ba. Kuɗin kayan shi ne abin da kika kashe har suka shigo ɗakinki, kuma wannan lissafin tun kafin ki saya ake yin sa, ba sai kaya sun iso an kira ki a waya ba. Sau da yawa biki yana matsowa, uwa ta riga ta kashe duk abin da ta tara wajen saye, sai a ce mata kaya suna Legas ko suna filin jirgi, a kawo kuɗin fitarwa. Daga nan sai cin bashi, sai sayar da ɗan kunne, wani lokaci ma a kai amarya kayan ba su fito ba.

To, mene ne kuɗin fito? Haraji ne da gwamnatin tarayya take karɓa a kan kayan da aka shigo da su daga wata ƙasa, kuma Hukumar Kwastam ta Najeriya ce doka ta ɗora wa karɓar sa. Dokar da hukumar take aiki da ita yanzu an sa mata hannu ne a shekarar 2023, ita ce ta maye gurbin tsohuwar dokar da aka gada tun kafin samun 'yancin kai. Gwamnati tana karɓar wannan haraji ne don dalilai biyu: samun kuɗin shiga, da kuma kare masana'antun cikin gida, domin kada kayan waje su shigo da araha su kashe namu.

Shi ma'aikacin kwastam ba da ka yake yanke abin da za ki biya ba. Akwai jadawali wanda ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka amince da shi, Najeriya kuma ta fara aiki da shi a shekarar 2015. Jadawalin ya kasa kaya gida biyar. Akwai waɗanda ba a biyan komai a kansu, akwai na kashi 5 cikin ɗari, da na kashi 10, da na kashi 20, sai kuma na kashi 35. Kayan da masana'antu suke buƙata don sarrafawa su ne a ƙasa-ƙasa. Kayan da aka riga aka gama ƙerawa, irin waɗanda mu mata muka fi saye, kamar tufafi da kwanuka da kayan ado na ɗaki, yawanci a gidan kashi 20 suke faɗawa. Bayan wannan akwai harajin VAT, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 a watan Fabrairun 2020. Akwai kuma wasu ƙananan kuɗaɗe da ake ɗorawa a kai, waɗanda gwamnati takan sauya lokaci zuwa lokaci, saboda haka su sai an tambaya a lokacin da za a yi sayayyar.

Wani abin da yake ba mata mamaki shi ne, ba a kan kuɗin kaya kaɗai ake lissafin ba. Ana haɗa abu uku ne: kuɗin da kika sayi kayan, da kuɗin ɗauko su a jirgi, da kuɗin inshora. Sannan a juya jimillar zuwa naira da farashin dalar da kwastam take amfani da shi, wanda yake bin na Babban Bankin Najeriya, a ranar da aka shigar da takardun kayan. Wannan farashi kuwa yana motsi. A farkon shekarar 2023 kwastam tana lissafin dala ɗaya a kan kimanin naira 422, amma zuwa watan Fabrairun 2024 ya haura naira 1,400. Kun ga ke nan wadda ta shigo da kaya iri ɗaya a waɗannan lokuta biyu, harajinta ya ninka fiye da sau uku, alhali ko ƙwayar cokali ba ta ƙara ba.

Bari mu yi misali don abin ya fito fili. A ce Hajiya ta sayo kayan kicin na dala 1,000, kuɗin jirgi da inshora suka ci dala 200, jimilla dala 1,200 ke nan. Mu ƙaddara dala tana naira 1,500, don sauƙin lissafi. Darajar kayan a wurin kwastam ta zama naira 1,800,000. Kashi 20 na wannan shi ne naira 360,000, shi ne kuɗin fito. Sai a haɗa shi da darajar kayan, ya zama naira 2,160,000, a cire VAT kashi 7.5 a kai, wato naira 162,000. Tun kafin a zo ga sauran ƙananan kuɗaɗe, da ladan ejan, da kuɗin motar da za ta kawo kayan gida, Hajiya tana buƙatar naira 522,000. Wadda ta yi wannan lissafin tun farko, za ta iya zama ta gwada da farashin irin kayan a kasuwar Sabon Gari ko Kantin Kwari, ta ga ko wahalar ta cancanta. Wani lokaci za ki tarar arahar da kika hango a can, a hanya ta ƙare.

To, ko akwai sauƙi ga mai ƙaramar sayayya? Akwai. A watan Satumban 2025 hukumar kwastam ta sanar da cewa kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, ko an aiko su ta kamfanin kai saƙo ko suna cikin jakar matafiyi, ba za a biya musu kuɗin fito ba. Sai dai an ƙayyade wannan rangwame sau huɗu ne a shekara, kuma bai shafi kayan da aka hana shigo da su ba. Saboda haka 'yar'uwa, idan takalmi ko 'yar na'ura kika yi oda don amfanin kanki, ki adana shaidar abin da kika biya a wayarki, domin ita ce za ta nuna kayanki ba su kai wannan adadi ba. Amma kada wata ta ce za ta rarraba manyan kaya ƙulli-ƙulli da sunayen 'ya'yanta don ta kauce wa haraji, domin wannan dabara ce da ma'aikatan suka sani.

Haka kuma kayan jikinki da kika riga kika yi amfani da su, kamar tufafin da kika tafi da su, da wayarki, da ɗan abin adonki, ba a biya musu haraji. Wadda ta zauna a ƙasar waje aƙalla wata tara, kamar ɗaliba ko matar da ta bi maigidanta wurin aiki, idan za ta dawo gida gaba ɗaya tana da damar shigo da kayan gidanta da ta yi amfani da su ba tare da kuɗin fito ba, muddin ba na sayarwa ba ne. Inda ake samun saɓani shi ne wajen tsaraba. Abaya uku ko huɗu kowa ya san tsaraba ce. Abaya hamsin iri ɗaya a cikin ledarsu kuwa, ko kin rantse rabawa za ki yi, ma'aikaci kayan kasuwa zai ɗauke su. Sannan mu bambance tsakanin kuɗin awo da kuɗin kwastam. Abin da kika biya kamfanin jirgi a Jidda ko Dubai saboda kayanki sun yi nauyi, kuɗin ɗauka ne, ba ya shiga asusun gwamnatin Najeriya, kuma ba zai hana a nemi haraji a wurinki ba idan kin sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Abuja.

Idan kin sauka kina ɗauke da kayan da suka kai a biya musu haraji, ki bayyana su da bakinki kafin a buɗe jaka. Haka nan idan kuɗin da ke hannunki sun haura dala 10,000 ko kwatankwacinsu, doka ta wajabta ki bayyana, ko fita za ki yi ko shigowa. Bayyanawa ba ta sa a karɓe miki kuɗi, ɓoyewa ce take jawo a ƙwace su har a kai mutum kotu. Kuma don Allah iyayenmu masu zuwa aikin Hajji da Umara, kada ku karɓi jakar wani ko ƙullin da ba ku ga abin da ke ciki ba, ko da an ce saƙon wata tsohuwa ne. Duk abin da aka samu a jakar da ke ɗauke da sunanki, ke za a tambaya.

Akwai kuma kayan da ko kina da kuɗin biya ba a yarda a shigo da su ba. Tufafin gwanjo suna ciki, duk da yadda muke ganin su a kasuwa, haka ma daskararrun kaji. Magunguna, da kayan abinci na gwangwani, da mayukan shafawa, idan suna da yawa, sai da amincewar hukumar NAFDAC, musamman mayukan bilicin da ake samun sinadarai masu cutar da fata da ƙoda a cikinsu. Jerin kayan da aka hana yana sauyawa, don haka a tambaya kafin a saya. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Yanzu sai mu zo ga masu kago, wato waɗanda suke tattara kayan mutane da yawa a Dubai ko Guwanzu su turo su tare, suna caji a kan kilo. Yawancinmu ta hannunsu muke bi, kuma akwai na kirki da yawa a cikinsu. Kafin ki miƙa kayanki, ki yi tambaya uku, kuma ki sa a rubuta miki amsa a takarda. Shin kuɗin da na biya ya haɗa da na kwastam? A wane gari zan karɓi kayana, Legas ko Kano? Idan suka ɓata ko suka fashe, wa zai biya? Idan kayan masu yawa ne ta jirgin ruwa, irin su gadaje da kujeru, to sai kin nemi ejan mai lasisin kwastam, domin shi ne zai shigar da takardu a madadinki. Ki tambaye shi kuma ko za a iya wuce da kayan zuwa tashar tsandauri ta Kaduna, wadda aka buɗe a 2018, ko ta Dala da ke Kano, wadda aka buɗe a 2023, a yi binciken a kusa da gida. Kada a bar kaya su daɗe a tasha, domin kowace rana kuɗin ajiya ƙaruwa yake, kuma idan suka wuce wa'adin da doka ta yanke, gwamnati tana da ikon yin gwanjonsu.

Maganar rasit kuwa, 'yan'uwa, a nan ne da yawa muke cutar kanmu. Mai kanti zai ce bari ya rubuta miki rabin kuɗin don harajinki ya ragu. Doka ta ce farashin da kika biya na gaskiya shi ne tushen lissafi, amma idan ma'aikaci ya ga alamar an rage, yana da ikon ajiye rasit ɗinki ya ƙiyasta da farashin irin kayan da wasu suka shigo da su, sannan ga tara a kai. Garin neman ƙiba sai a samo rama. Idan kuwa rasit ɗinki na gaskiya ne, kika ga an ɗora miki fiye da ƙima, kina da damar ki rubuta ƙorafi ga kwanturolan wurin a sake dubawa. Mai gaskiya ce kaɗai take iya tsayawa ta yi wannan.

Wajen biya, ki nemi takardar da ta nuna yadda aka lissafa kuɗin, ki biya ta banki zuwa asusun gwamnati, ki karɓi shaida ki adana. Hukumar kwastam ba ta karɓar haraji ta asusun wani mutum mai suna wane. Wannan ya kawo mu ga wata damfara da ta fi faɗa wa mata da 'yan mata. Wani zai ƙulla abota da ke a Facebook ko WhatsApp, ya ce yana Ingila ko Amurka, ya aiko miki da akwatin gwala-gwalai da daloli. Bayan kwana biyu wani ya kira ya ce shi jami'in kwastam ne, saƙonki ya maƙale a filin jirgi, ki turo dubu ɗari a sake shi. Kina turawa sai a ƙirƙiro wani kuɗin. Babu akwati, babu saƙo. Haka ma masu tallar motoci ko shinkafa da sunan gwanjon kwastam a farashin banza, suna neman kafin alƙalami. Iyaye, mu zaunar da 'ya'yanmu mata mu faɗa musu wannan.

Saboda haka uwargida, kafin ki tura kuɗi waje, ɗauki takarda da biro. Rubuta kuɗin kaya, da na jirgi, da na haraji, da na ejan, da na mota, sannan ki ware wani abu a gefe saboda motsin dala. In kayan biki ne, ki ba su isasshen lokaci, kada ki ɗaura ranar kai amarya a kan alƙawarin mai kago.

A nan za mu dakata a yau. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya sa albarka a cikin abin da muke nema, ya raba mu da asara. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, ku huta lafiya.